Yadda Muka Ɗauko Motar Baba Daga Birnin Kudu

Talata: daga Soron Ɗinki

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka fito, ni da Kawu Bala, ƙanen Umma. Jif ɗinsa ba ta shiga lungunmu, don haka a bakin titi ya bar ta, da ƙaramar tirela mai taya biyu da ya aro a ɗaure a bayanta. Umma ta rako ni har soro, ta damƙa mini makulli mai shuɗin zare.

Makullin motar Baba ne. Wata goma sha ɗaya ke nan da ciwo ya kama shi a Birnin Kudu, inda yake kai wa makarantu littattafai. A motar wani aka kawo shi gida, bai sake tashi ba. Tasa kuwa tana can bayan tasha. A shekarar ne soja suka miƙa mulki, sababbin masu kula da tashar suka ce za su share wurin, duk motar da aka wayi gari Laraba tana nan, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za su yanka ta.

Bakwai saura kwata muka isa Wudil. Buhunan yashin soja suna nan a bakin gada, amma ɗan sanda ɗaya ne a zaune a kansu yana shan shayi.

"Alhaji, tirela ba kaya?"

"Kayan na gaba," in ji Kawu.

Mun sha koko da ƙosai na naira ashirin. Masu kifi suka yanyame gilashi. Duk ran da Baba zai dawo, a nan yake sayen soyayyen kifi a naɗe masa a jarida. Na kau da kai.

Birnin Kudu

Tara da kwata muka shiga gari, bayan kilomita ɗari da talatin da 'yan kai. Daga nesa na gane motar Baba, duk da an manna mata hotunan 'yan takara har a gilashi. Na buɗe ƙofa. Hularsa tana gaba, rana ta koɗar da gefe ɗaya. Kujerarsa tana ja baya daidai tsawon ƙafarsa. Ƙanshin turarensa ya yi saura kaɗan, sai da na rufe ido na ji shi.

Injin ya ƙi ko tari. Aka yi wa tayoyi iska, majiya ƙarfi shida suka tura ta kan tirela. Tana hawa, sai bayan jif ya durƙusa har ya kusa taɓa taya, gabanta ya ɗaga yana kallon sama.

Kawu ya zagaya sau biyu. "Ummi, a haka ko Kwanar Huguma ba za mu kai ba. In sifirin ɗin jif ya karye a hanya, dole mu bar motar nan a inda ya karye."

Aka kai mu garejin Malam Sale, wani dattijo mai furfura da gajeren yatsa. Ya leƙa ƙarƙashin jif ya yi tsaki. "Wannan kai Hajiya biki ta saba, ba ta san dako ba." Ya ce fallayen ƙarfe biyar ne a kowane gefe na sifirin baya, zai ƙara biyu-biyu masu kauri, ya sauya ƙarafan da ke ɗaure su da dogaye, ya sa sababbin shokozoba. Aka kwance tirela, aka ɗaga jif. Na zauna a kan benci da mayafina ina kallo.

Kafin Azahar ya gama ɓangaren dama. Hadari ya taso, iska tana ta naɗe tabarmar salla, wani direba ya ɗauki falle ɗaya daga cikin biyun da suka rage ya danne ta. Da aka idar, gardamar siyasa ta ɓarke, ko farar hula za su kai shekara ko ba za su kai ba. Malam Sale yana ƙarƙashin mota yana ɗaure noti, yana ɗaga murya yana ba da amsa.

Bayan La'asar aka sake ɗaura tirela. Bayan jif ya tsaya ƙyam, sai dai ya ɗan karkata hagu.

"Ƙasar ce ba daidai ba," in ji Malam Sale. Kowa ya yarda.

Na sunkuya kamar ina gyara takalmi, na ƙirga. Dama bakwai, hagu shida. Sau uku ina ƙirgawa. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, yaya zan ce wa sa'an kakana ya yi mantuwa a gaban maza goma? Kawu ya riga ya tayar da mota. Na waiwaya, na hango hular Baba ta gilashi.

Sai na je wajen tabarma, na kama fallen da hannu biyu. Nauyinsa ya fi yadda na zata. Na ja shi a ƙasa yana ƙara har gaban Kawu.

"Kawu, wannan na ina ne?"

Malam Sale ya dubi fallen, ya leƙa ƙarƙashi, ya dafe kai. "Innalillahi! Da na kashe ku a hanya."

"Sale, siyasa ta cinye maka ƙarfe!" in ji direban nan, ana ta dariya.

"Kai ne ɓarawon ai, kai da tabarmarka." Malam Sale ya juyo gare ni. "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Daga yau ke ce ogar garejin nan."

Sai Magariba ya gama. Muka kwana a gidan Alhaji Idi, abokin Baba. Matarsa ta ba ni tuwon dawa da miyar kuka, ta ce idanuna na Baba ne sak.

Laraba: komawa gida

Ƙarfe shida muka kama hanya. Kawu bai wuce gudun arba'in ba. A kowane rami sai na ji bayan jif ya nutsa kaɗan ya dawo daidai, na waiga na ga motar Baba tana biye da mu, kamar shi ne ke tuƙa ta a hankali. A Wudil na kwance bakin mayafi na sayi kifi na naira hamsin. Na ce a naɗe a jarida.

Goma da rabi muka tsaya a bakin lungunmu. Maƙwabta suka fito ba wanda ya kira su, aka sauke ta, aka tura ta da hannu, Kawu yana juya sitiyari ta taga. A jikin katangarmu tabon baƙin mai yana nan inda take kwana a da. Daidai kansa suka tsayar da ita.

Umma ta fito soro. Na ba ta makullin da ƙunshin kifin. Ta daɗe tana kallon jaridar da mai ya jiƙa. Sannan ta buɗe ƙofar kujerar da ke kusa da ta direba, inda ta saba zama, ta shiga, ta ɗauki hular ta ɗora a cinya, ta ja ƙofar. Kawu ya yafito mutane, kowa ya watse.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Kawu Bala, da Alhaji Idi da iyalinsa, da Malam Sale da ya sake kwanciya a ƙasa bai yi fushi ba. Ranar sai da aka kira Azahar Umma ta fito daga motar.