Na'ibin da Na Naɗa Kafin Tafiya Badar

A dogon hutun bara ni ne limamin imararmu. Ban ce limamin unguwa ba, kada wani ya je ya bincika ya ƙaryata ni. Imarar kawai, wato benen da muke haya a nan Madina, wanda Hausawa suka fi yawa a cikinsa: mu mutanen Kano, wani likita ɗan Sakkwato a samanmu, wani iyali daga Nijar, sai kuma na hawan ƙasa waɗanda kakanninsu suka zo aikin hajji ba su koma ba. Iyayenmu maza suna wurin aiki da rana. Iyaye mata kuwa suka ce ba za su bar ƙananan yara su taka zuwa masallaci ba a zafin da yake sa silifas ya manne wa kwalta. Sai aka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin matattakala, aka ce ni in riƙa jan yaran sallar Azahar da La'asar. Ni ne babbansu, shekarata goma sha biyar, kuma na haddace surori masu tsawo, abin da na tabbatar har mai bakala, wato shagon bakin titi, ya sani.

Limanci akwai daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Umma ta daina aikena sayo burodi da tsakar rana, saboda ba a aiken liman. Matar likita tana aiko mana da zoɓo mai sanyi, kuma kofin farko nawa ne. Yara suna kirana ya shaihi. Na sami farar hula, na koyi tafiya a hankali hannu a baya, na kuma kashe kaset uku na ƙira'a wajen kwaikwayon murya a banɗaki, inda sauti ya fi fita. A nawa lissafin, saura kaɗan a aiko mota daga Harami a ɗauke ni.

Baba malami ne a jami'a, tarihin addinai yake koyarwa, kuma duk abin da zai faɗa wa ɗalibansa sai ya fara gwada shi a kanmu wajen cin abinci. Wata rana muna cin shinkafa ya ce da ni, “Kai da ka zama liman, ga wani abu ka saurara.”

Ya ba mu labarin Kiristocin farko. Ya ce masu wa'azinsu ba sa zama wuri ɗaya. Su shiga gari, su tara mabiya, su wuce wani garin. To amma ba sa barin jama'a haka kawai ba kowa a gaba. Sai su yi azumi da addu'a, su zaɓi dattawa daga cikin mutanen garin, su ɗora musu hannu, su danƙa musu jama'ar, domin ba su san ko za su sake ganin wannan gari ba.

Na ce, “Baba, wane irin mutum suke zaɓa?”

“Mai haƙuri. Mai kamun kai, wanda gidansa yake zaune lafiya. Ba mai son girma ba.” Da ya zo kan wannan na ƙarshen sai ya leƙo ni ta saman tabarau. Ni na ɗauka agogon da ke bayana yake dubawa.

Abin da na tsinta a duk labarin shi ne akwai wani matsayi da ya fi liman, wato wanda yake naɗa liman. Kuma ga dama ta zo da ƙafarta, domin a satin ne kawu, ƙanin Umma da yake kula da wata gonar dabino a Badar, ya ce zai zo ya ɗauke ni in yi musu kwanaki tunda dabino ya fara nuna. Ke nan zan yi tafiya, zan bar jama'a. Dole in naɗa na'ibi.

Tsorona ɗaya ne, kada in dawo in tarar wurina ya tafi. Saboda haka na zauna na yi tunani irin na manya. Wanda ya fi cancanta shi ne ɗan likita, shekararsa sha uku, muryarsa kamar an wanke ta, ga hadda. Nan take na cire shi, na gaya wa kaina cewa yana da son girma. Na zaɓi ɗan mutanen hawan ƙasa. Yaro ne shiru-shiru ɗan shekara sha biyu, a nan aka haife shi, yana jin Hausa sarai amma in ka yi masa magana da Larabci zai ba ka amsa, ita ma kalma ɗaya. Abin da ya fi burge ni da shi shi ne ƙananan surori kawai ya iya. Na ce shi ke nan, in suka ɗanɗana sallar wannan, za su san abin da suka yi rashi.

Na shelanta wa gida cewa zan yi azumi kafin naɗi. Umma ta ce Allah ya ba da lada, ta ci gaba da soya ƙosai. Na jure har wajen hantsi. Daga nan na tuna cewa ni matafiyi ne, ko da yake tafiyar sai washegari, na yi wa kaina sassauci da ƙosai bakwai.

Batun ɗora hannu kuwa, Baba ya riga ya ce wannan al'adarsu ce, mu a wajenmu rawani ake naɗawa. Sai na ɗauko tsohon shimaginsa, jan mayafin nan na kai, na tara jama'ata bayan La'asar, na tsayar da yaron a gaba. Ban taɓa naɗa rawani ba. Da na gama ya zama kamar wanda aka sallamo daga asibiti bayan hatsarin mota, ido ɗaya ne kawai a waje.

Na ce masa, “Daga yau kai ne na'ibina. Na'ibi fa, ka ji? Riƙo ne.”

Ya ce, “Ɗayyib,” wato to da Larabci.

“Ka riƙe mini jama'ata amana. In sun yi kuka saboda kewata, ka rarrashe su.”

“Ɗayyib, Yaya.”

Na juya na yi wa jama'a jawabin bankwana, na ce mai yiwuwa ba za su sake ganin fuskata ba. Ƙanwata, wadda take tsayawa a sahun baya da sauran 'yan mata, ta ce ai Umma ta ce sati biyu ne. Na yi kamar ban ji ba.

A Badar na so in ci gaba da aikin, domin wanda ya fara naɗi ba ya tsayawa a gari ɗaya. Sai na tarar akwai masallaci a jikin gonar, da limaminsa mai furfura, kuma ba wanda ya nemi shawarata. Na haƙura na naɗa babban ɗan kawu amirin masu tsince dabinon da ya faɗo. Ya karɓi muƙamin, umarninsa na farko kuma shi ne in ɗauki kwando. Haka na yi kwanakin ina tsince dabino, ina cin rabi, cikina yana ƙara kamar injin ban ruwa.

Ana cikin haka na roƙi kawu ya bar ni in buga waya gida. Ƙanwata ce ta ɗauka.

“Ya jama'ata?”

“Lafiya lau.”

“Suna tambayata?”

“Ɗan autan mutanen Nijar ya tambaya.”

“Allah sarki. Me ya ce?”

“Ya ce wai yaushe za ka dawo. Na ce saura sati. Ya ce alhamdulillahi.”

Na ajiye waya raina fari. Yaro ƙarami har yana gode wa Allah da dawowata ta kusa.

Ranar da na dawo, ana dab da Azahar muka iso. Ban ko hau sama ba, na wuce ƙarƙashin matattakala da jakata. Na tarar takalma sun cika bakin ƙofa har waje. Jama'ar da na bari sahu biyu ce, shi ma na biyun da giɓi. Yanzu an ƙaro darduma, ga 'ya'yan Sudaniyawan imarar da ke kallonmu, ga wasu 'yan ƙasa da ban taɓa gani ba. Zoɓon matar likita ya tashi daga jug ya koma kula. Na'ibina yana gaba, ba shimag, ba komai, rigarsa ma da ɗigon miya.

Yana ganina ya matsa gefe ya nuna mini wurin. Na ji wani ƙaramin nishi ya ratsa sahu, na ce a raina shauƙi ne.

Na gyara hula na ta da kabbara. Tunda ga baƙi, na ga ya kamata su san wanda ya dawo, sai na ɗauko sura mafi tsawo da na iya. Ina karantawa a zuciyata ina jin daɗin kaina, ina ja inda ake ja, ina sassautawa inda mai kaset yake sassautawa. Wurin ba mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, fanka ɗaya ce, ita ma iskar zafi take rabawa. Na ji wani yana sauya ƙafa a bayana. Na ji wani yana hamma. Da na yi sallama na juyo, wani ɗan ƙarami ya yi barci a sujada, sai da yayarsa ta tashe shi.

Da La'asar na sauko na tarar mutum uku: ƙanwata, wadda Umma ta tilasta, da na'ibina, da wani yaro da ya zo neman takalminsa. Daga can saman matattakala kuma ina jin ƙus-ƙus. Na hau. Jama'ata ce gaba ɗaya a tsugune a hawa na uku, da dardumarsu a naɗe, suna jiran in gama su sauko su bi na'ibi.

Na ce, “Wannan wace irin fitina ce? Na bar muku jama'a ɗaya, na dawo kun zama ƙungiya biyu?”

Ɗan likita ya ce, “Ya shaihi, ba ƙungiya ba ce. Ƙafafunmu ne suke ciwo.”

“Kun san surar da na karanta muku ɗazu? Kun ji yadda na fitar da ita?”

Suka kalli juna. Ƙanwata ta biyo ni a baya, ita ce ta ce, “Yaya, wa zai ji? Azahar ce fa. A ɓoye ake karatu.”

Sai a lokacin na tuna. Wata biyu ina jan Azahar da La'asar, sallolin da ba a bayyana karatu a cikinsu. Duk muryar nan da na gasa a banɗaki, duk dogayen surorin nan, ba mahaluƙin da ya taɓa jin harafi ɗaya. Abin da jama'ata suka sani game da ilimina shi ne tsayuwa, doguwar tsayuwa cikin zafi suna kallon ƙeyata. Ni kuma da hannuna na zaɓo musu wanda bai iya komai ba sai gajerun surori, wai don su yi kewata.

Na kai ƙara wurin Baba da yamma, yana shan shayi. Na ce na'ibina ya yi mini juyin mulki.

“Ya hana ka wurinka?”

“A'a, ya matsa.”

“Ya zuga su?”

“Baba, yaron ko magana ba ya yi.”

Sai da ya ajiye kofin don kada ya zubar, saboda dariya. Da ya nutsu ya ce ko a wajenmu an umarci liman ya sauƙaƙa, domin a bayansa akwai yaro da mai rauni, kuma na san wannan tun a makaranta. Na ce ni ba wannan na zo tambaya ba. Ina so in ji, su waɗancan masu tafiye-tafiyen, in sun dawo garin da suka yi naɗi, yaya suke karɓe kujerarsu?

Ya ce, “Wace kujera? Ai don kada a buƙace su suka yi naɗin. In sun dawo sun tarar jama'a ta ƙaru, murna suke yi.”

“To in ba su ji murnar ba fa?”

“Sai su yi shiru har ta zo.”

Na so ya ce zai sauka ya yi wa iyayen yaran magana. Bai ce ba, ya ƙara shayi ya jawo littafinsa.

Washegari da Azahar na sauka da shirina. Na'ibi ya sake matsawa gefe, ɗan autan mutanen Nijar har ya fara laluben takalminsa da ƙafa. Na yi gyaran murya na ce, bayan dogon nazari, na yanke shawarar tabbatar da na'ibina a matsayin liman, kuma wannan ra'ayina ne ni kaɗai, ba wanda ya matsa mini. Ba su bari na kai ƙarshen jawabin ba aka ta da iƙama.

Na nemi wuri a sahun farko, ba wuri. Na ƙarasa can gefe kusa da mitar wuta, ni ne dogo a cikinsu kamar dabino a gonar albasa. Wani ɗan shekara shida da ke kusa da ni ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce in daidaita ƙafata, na fito daga sahu. Na daidaita.

Na shiga sallar da niyyar tara kurakuran sabon liman, in karanta masa su ɗaya bayan ɗaya in an idar. Ban kai ga samo na farko ba na ji ya yi sallama. Gumi bai ko gama tsattsafo mini ba, ƙafata ba ta yi tsami ba. Sabon limamin ya juyo ya kalle ni a tsorace, yana jiran hukunci. Na ɗaga masa kai sau ɗaya, a hankali, irin na manya, sannan na tashi da sauri na shiga layin zoɓo.