Ranar da Mama Ta Naɗa Ni Duba-Gari

Ina cikin keke napep, mun baro Gonin Gora za mu Narayi, ga buhun doya tsakanin ƙafafuna, sai wayata ta yi ƙara. Imel ne daga jami'a. Wata huɗu ke nan da na je intabiyu ina neman koyarwa a tsangayar shari'a, har na daina zancen. Layin farko kawai na karanta, na kurma ihu.

Mai keken ya taka burki har goshina ya bugi ƙarfe.

"Anti, lafiya? Rasuwa aka yi?"

"An ɗauke ni! Na zama lakcara!"

"To Allah ya sanya alheri. Amma don Allah kada ki sake yi mini haka a tsakiyar titi."

Matar da ke gefena, wadda ban taɓa gani ba, na rungume ta da jaririnta gaba ɗaya. Ta karɓi wayar ta karanta mana wasiƙar da ƙarfi, tana tsayawa a manyan kalmomi tana cewa "Kai!" Da muka iso Narayi na diro na ruga shagon Mama. Sai da mai keken ya biyo ni da buhun doyar.

A Kudenda na girma, a gidajen ma'aikata, lokacin Baba yana aiki a wata masana'anta. Akwai rafi a bayan gidanmu da yake canza launi, yau shuɗi, gobe ruwan ƙasa mai kumfa. Muna yara har gardama muke yi kan launin da za mu tarar. Da na karanta lauya na gane akwai dokokin da suka hana masana'antu zuba dattinsu a rafi haka, sai dai suna kwance a littafi. A kan rafin na rubuta kundin digirina na biyu. Abokan karatuna da suka shiga harkar kamfanoni sukan tsokane ni: "Ke wa zai kawo miki ƙara? Kwaɗi?"

Mama na zaune a shagonta tana auna wa wata mata gari. Na faɗa mata ina haki. Ta ajiye mudun, ta ɗaga hannu biyu sama, ta ce, "Yesu na gode!" Ta fito bakin titi ta yi rawa zagaye uku, ni ma na bi ta, sannan ta tsaya ta gyara ɗankwali.

"Me ma kika ce za ki koyar?"

"Dokar muhalli, Mama."

"Wace ce ita?"

Na soma bayani: ruwa, iska, shara, hayaƙin masana'antu, wanda ya ɓata shi zai gyara. Ta katse ni.

"Oho! Duba-gari!"

"A'a Mama, ba shi ba ne. Ni ɗalibai zan…"

"Masu koyon duba-gari za ki koyar. Ke ce babbarsu ke nan."

Kafin in sake buɗe baki ta kira shugabar zumuntar matan cocinmu a waya. Ban san yadda labarin ya zaga ba, amma kafin la'asar layinmu ya cika. Maƙwabcinmu mai gyaran janareta, wanda ya shekara yana zubar da baƙin mai a kwata, na hango shi da shebur yana yashewa, gumi har ƙeya. Ya ɗago ya ce, "Barista, dama yau na shirya gyarawa." Mai wainar da ke bakin layi ta rufe kwanukanta da sabon leshi. Wata tsohuwa ta ja ni gefe ta kai ƙarar awakin maƙwabciyarta. Na yi ta cewa ba ni da ikon cin tarar kowa, Mama kuma tana bayana tana cewa, "Tawali'u ne da ita, tun tana ƙarama." Na yi dariya har na zauna a kan buhun shinkafa, hawaye na zuba.

Baba nake ɗan jin tsoro. Masana'antar nan ita ta ciyar da mu, kuma bai taɓa cewa komai game da kundina ba. Da ya dawo daga taron dattawan coci, ya sa tabarau ya karanta wasiƙar a wayata, yana ja da yatsa a hankali.

"Za ki koya musu su rufe kamfanoni?"

"A'a Baba. Su sa kamfanoni su tace ruwansu kafin su sake shi."

Ya cire tabaraun. "Mun san ana iya tacewa," ya ce. "Injin yana nan, ba a kunna shi ne." Sai ya miƙe ya shiga ɗaki, ya fito da jakarsa ta fata da yake zuwa sinod, babban taron coci, da ita, ya zazzage takardunsa a kan tebur, ya miƙo mini. "Malamar jami'a ba ta zuwa aji da leda."

Ranar da na kama aiki aka nuna mini ofishina. Ɗan ɗaki ne, mu uku a ciki, fankar ba ta juyawa, teburina ƙafa ɗaya gajera ce. Sakatariyar sashe ta ba ni makulli nawa na kaina, ɗaure da jan zare. Da ta tafi na fito na kulle ƙofar, na buɗe, na sake kullewa, ina murmushi ni kaɗai. A karo na huɗu na ji ana buga ƙofar daga ciki. Ashe wani dattijon malami, masanin dokar filaye, yana zaune a bayan kabad yana makin jarrabawa tun kafin in zo. Na buɗe masa ina ba da haƙuri. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Sabuwa ce ke, ko? Ƙara kullewa sau ɗaya ki huce, sannan ki zo ki ɗauki rabin takardun nan."