Tawadar da Na Haɗa wa Kaina

Ni mai lalle ce a Zongon Lome, kuma duk wadda ta taɓa miƙo mini hannu ta san ba na aiki da baki a rufe. A shekarun da ake kiran jama'a su zaɓi shugaban ƙasa da yatsunsu, barandar gidanmu ta fi rediyo sharhi. Mace na zaune, hannuwa da ƙafafu duk a cikin ƙunshi, ba ta da halin tashi ta gudu, dole ta ji ra'ayina a kan 'yan takara ko tana so ko ba ta so.

Ra'ayin nawa kuwa guda ɗaya ne, duk romon baka suke yi. Ba ka ganinsu a Zongo sai zaɓe ya matso. Mutumin da bai taɓa sa hula ba sai ga shi cikin babbar riga, ko karin ninkin kanti bai gama fita daga jikinta ba, ya kama lasifika ya yi sallama a karkace, jama'a su amsa har da tafi. Ya ce canji ya zo. Bayan kwana uku wani ya zo filin nan dai, a jera kujerun nan dai, shi ma ya ce canji ya zo. Kowannensu zai gyara lambatun da ke malalowa ƙofar gidanmu da damina. Kowannensu zai haɗa kan arewa da kudu, Musulmi da Kirista, baƙo da ɗan gida. Nakan ce wa matan, mu da muke aron gishiri da maƙwabtanmu matan ƙabilar Mina tun kafin wasunsu su iya ɗaura wando, mu za a zo a koya wa haɗin kai? Sai su yi ta dariya har lallen ya nemi ɓaci, in daka musu tsawa su zauna daidai.

Har yau ban janye ko kalma ɗaya ba, lambatun ma yana nan shaida. Amma ba son gaskiya ne ke sa ni magana ba. Ƙyashi ne yake cina. Ƙaryar da suke yi, ba ni suke yi wa ba. Ba ni da takardar ɗan ƙasa, ba ni da katin zaɓe, saboda haka ba wanda yake da buƙatar ya yaudare ni.

A nan Lome aka haife ni, sati ɗaya da ƙawata, gida ɗaya, ɗakinsu na kallon namu. Babanta haifaffen nan ne, takardunsa cif. Baba kuwa mahauci ne da ya zo daga Nijeriya da niyyar yin shekara biyu. Duk lokacin da aka ce ya je ya nemi takarda kamar yadda abokansa suka yi, sai ya ce me zai yi da ita, ai baɗi za mu koma gida. Baɗin nan na Baba tun ina goye nake jin sa, har na yi zance, har ƙarfinsa ya ƙare ya bar kasuwa ya koma zaman ƙofar gida. Wataƙila shi ya sa kunnena ya iya gane alkawari tun daga nesa.

A makaranta na fi ƙawata ƙoƙari, ita ma ta san haka, don littafina take kwafa. Tare muka ce za mu zama ungozoma. Ranar haɗa takardun neman shiga, aka ce a sa har da ta ɗan ƙasa. Ita ta sa tata. Ni na dawo gida da ambulan ɗina, na koyi kwaɓa lalle a wajen gwaggona. Yanzu ita tana aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Totsi, kullum safe in gan ta ta hau zemijan, wato ɗan acaɓarmu na nan, da farar riga a cikin leda. Ina son ta, Allah ya sani, amma farar rigar nan ban taɓa kallonta raina bai sosu ba.

Maganar rashin takardata daga ni sai ita sai Baba. Sauran mata sun ɗauka ina da kati, taurin kai ne kawai yake hana ni fita.

A zaɓen da nake ba da labari, matan unguwa suka tsayar da ƙawata ta yi magana da yawunsu duk ranar da ɗan takara ya zo. Ita ke miƙa ruwan maraba a ƙwarya, ita ke karanta koken mata da Faransanci. Ni na gyara mata rubutun, ni na zana mata lallen da ta riƙe ƙwaryar da shi, ni kuma na tsaya can baya kusa da masu sayar da ruwan leda ina kallon ana ɗaukar ta hoto. Aka ba su atamfa, aka ba su riga mai fuskar mutum. Hajiya, shugabar matan unguwarmu, ita ke rabo, kuma sai ka nuna kati. Na ce ni ba na sa fuskar ƙato a ƙirjina. Gida na koma na rasa abin da ke mini daɗi.

Cikin 'yan takarar akwai wani da ya faɗi abin da ya tsaya mini. Ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar nan, ya tashi a nan, bai san wani gida ba, za a duba lamarin takardarsa. Na san tusa ba ta hura wuta. Duk da haka na je gida ina ta juya maganar, har na tsinci kaina ina lissafin ko shekaruna sun wuce na shiga makarantar ungozoma. Haushin kaina ya kama ni, sai na huce a kansa. Shi na fi yi wa ba'a a baranda, ina kwaikwayon tafiyarsa da yadda hularsa ke zamewa.

Ana saura kwana biyu zaɓe ƙawata ta shigo da la'asar, ta zauna a bakin tabarma tana cire takalmi.

“Ma sœur, 'yar'uwata, tsakani da Allah, da ke ce wa za ki dangwala wa?”

Da na ce mata mai hular nan, da shi ke nan. Amma tambayar ta yi mini kama da mai ƙoshi na tambayar mai azumi wace miya ta fi daɗi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na yi musu tas. Wannan ya daɗe yana alkawari, wancan bai taɓa riƙe ko akuya ba, na ukun kuwa ko hularsa bai iya riƙewa ba balle ƙasa.

“To duk ba na kirki ke nan?”

“Ko ɗaya. Ki je ki sha rana a banza, ki dawo da baƙar yatsa.”

Ta sa takalminta ta tafi. Hajiya kuwa tana gefe ana jiran ƙafarta ta bushe, ta ji komai.

“Ke 'yar nan, bakinki ya ishe mu,” in ji ta. “Wanda bai jefa ƙuri'a ba ba shi da ta cewa. Jibi zan duba yatsarki. In na gan ta fara, kada in ƙara jin kin ambaci ɗan takara a gabana.”

Na ce Allah ya kai mu, Hajiya.

Ranar zaɓe da hantsi na fita sayen koko, ba don yunwa ba. Mai kokon ta riga ta jefa ta dawo, na tsaya ina kallon yatsarta tana zuba mini. Tawadar baƙa ce mai sirkin shuɗi, ta rufe farce ta ɗan haura gaɓar farko. Na koma ɗaki na rufe ƙofa. Na kwaɓa lalle mai ƙarfi, na zuba baƙin rini irin wanda nake zane da shi, na fasa biro na tsiyaye a ciki. Na tsoma yatsa daidai inda tata ta tsaya, har na bar ɗan ɗigo ya gangaro gefe don kada ya yi kyau da yawa. Da ya kama, na yafa mayafi na rufe hannun, na hau zemijan na ce ya kai ni bakin teku. Na zauna ina kallon jiragen da ke jiran shiga tasha har azahar, sannan na dawo ina ce wa mutane tun ina zaune wajen gwaggona aka rubuta sunana a can wata unguwa, layin ya yi tsawo.

Hajiya ta kama hannuna ta duba, ta ce madalla, yau kin zama mutum. Kunya ce ya kamata ta kama ni, amma daɗi na ji har cikin raina. Ranar na yi ta nuna abubuwa da yatsar nan, na nuna hanya, na nuna tukunya, na nuna yaran da ba su yi komai ba. Ƙawata ta gani, ta kalle ni, ta kawar da kai.

Da na kai wa Baba abinci, da gangan na ajiye kwanon da wannan hannun, na bar shi a kan murfi har ya gani. Ya daɗe yana kallo. Bai tambaye ni ba, ya dai ci gaba da jan carbinsa. Da na dawo ɗaukar kwanon, loma biyu ya yi.

Aka faɗi sakamako, aka yi murna a wani gefe aka yi tsaki a wani, kujerun filin suka koma gidajen biki. Bayan sati ɗaya yatsun mutane suka fara yin fari. Tawa ma fatar ta goge, amma farcen ya ƙi. Lalle in ya kama farce ba ya sakin sa sai farcen ya tsiro ya fita, wannan kuwa ko 'yar koyo ta sani, ni ce ɗoki ya mantar. Da na so, minti goma ya ishe ni in rina sauran taran a ce kwalliya ce. Ban so ba. Ina son in riƙa kallon sa ina wanke-wanke.

Wata guda da 'yan kwanaki, ana gobe sunan jikar Hajiya, mata suka cika barandarmu da rana. Ina riƙe da hannun Hajiya ina zane, sai na ga ta ƙura wa farcena ido. Farin sabon farce ya fito daga ƙasa, baƙin yana sama ɗaram.

“Ikon Allah. Wace irin tawada aka ba ku a rumfarku? Tamu tun yaushe ta goge. Ke, wannan ba lalle ba ne kuwa?”

Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sani, amma ban zaci a gaban mutum goma sha zai ƙure ba.

Ƙawata ce ta yi magana daga can ƙarshen baranda, tana warware gashinta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Lalle ne mana, Hajiya. Tata ta goge kamar tamu, ta bi ta kai da lalle. Wai don kada a manta an yi mana alkawarin lambatu. Ni ma shi na zo a yi mini, yatsa ɗaya.”

Mata suka fashe da dariya. Hajiya ta ce kai, likita akwai basira, ita ma a yi mata. Ranar na rina yatsa ɗaya ga kusan kowa, kuma har aka watse ƙawata ake yabo, ana cewa dabararta ce. Ta cece ni, kuma haushinta nake ji, don har rufin asirina ma ita ce mai shi.

Ita ce ta ƙarshe. Kowa ya tafi, sai mu biyu da sauran kwaɓin a kasko. Na kama yatsarta na fara shafawa, ban ce na gode ba. Can dai na kasa haƙuri.

“Wa kika dangwala wa?”

“Ba kowa.”

Na ɗago na kalle ta.

“Wallahi. Na shiga bayan labulen, ga fuskokinsu a jere. Duk wanda na kai yatsa kansa sai in ji muryarki. Na ce wadda ta fi ni sani ta ce ba na kirki, ni wa? Na ninke takardar fara na jefa. Tawadar kawai na kwaso.”

“Har mai hular?”

“Ai shi kika fi zagi.”

Na matse yatsar har ta ce wayyo. Tsakanina da ita ƙuri'a ɗaya Allah ya ba mu, ta kawo mini ita har kan tabarma ta tambaye ni inda za a sa, ni kuma na zubar da ita da bakina. Ban ce mutumin zai cika alkawari ba, har yanzu ban yarda da ko ɗayansu ba. Amma na so a ce sau ɗaya an yi mini ƙarya na amsa.

“Ke da kike da ƙuri'ar fa,” na ce.

Ta bar mini yatsar a hannu ba ta janye ba. Na ƙarasa shafawa, na ɗaure da leda, na ce kada ta taɓa ruwa sai bayan la'asar.