Ranar da na hana a kashe sabar

Shekarun baya, ina sabon zuwa Tahoua, na yi aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Ni ne mai kula da sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da sakamakon gwajin labo da tarihin marasa lafiya. Lokacin ina ji da kaina, har tafiyata ma ta daban ce.

Da bazara ta shigo sai sabar ta tsiri wani hali. Ana cikin aiki sai ta sandare. Fitilunta na ci, fankarta na juyawa, amma ko ka daki madannai ba ta san kana yi ba. Matsalar daga kanel take, wato zuciyar tsarin, wadda ke raba wa kowane aiki lokacinsa. In ta tsaya, komai ya tsaya.

Sabar tana ƙarƙashin tebur a ofishin majo, babban ma'aikacin jinya, kuma shi magani ɗaya ya sani: kashe, kunna. Kafin in iso daga ɗakina ya riga ya danna maɓalli, ta tashi garau kamar ba ita ba. Abin da ya maƙale ta kuwa ya bi iska, domin ba ta samun damar rubuta komai kafin ta sandare.

Na zargi zafi, na kawo fanka. Na buɗe ta na share, na canza ma'ajiyar ƙwaƙwalwarta. A banza. Ran nan shugabar asibitin, wadda muke kira Hajiya, ta kira ni.

"Ɗana, na gaji," in ji ta. "In wata ya ƙare abin ga bai gyaru ba, zan kira wani daga Yamai. Kai kuma kwantaraginka sai haƙuri."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ƙudura ba zan bar garin nan da sunan wanda na'ura ta kora ba. Na samo tsohuwar igiyar kwamfuta na haɗa bayan sabar da kwamfutata ta hannu, ta wata kafa da kanel ke iya magana ko da allo ya mutu. Sannan na roƙi majo, don Allah in ta sake, kada ya taɓa.

Ta sake ran Lahadi, ranar kasuwa, asibiti cike da mutanen ƙauye, wuta kuma ta ɗauke. Na shigo a guje na tarar da yatsan majo ya kusa maɓalli. Na shiga tsakaninsu.

"Kauce, malam!" ya ce. "Ga tsoho can daga Takanamat, tun da sahe yake jiran sakamako nai, motarsu kuma tana shirin tashi."

"Majo, in kun kashe ta yanzu, gobe ma haka za mu yi. Ku ba ni ɗan lokaci."

Tsohon yana zaune bakin ƙofa da rawaninsa, yana kallona. Wallahi kallon nan ya fi faɗan majo ciwo. Na aika wa kanel umarnin ta faɗi abin da kowane aiki ke jira. Na ɗauka ba za ta amsa ba, sai ga rubutu yana zubowa. Ayyuka sun yi layi, kowanne na jiran na gabansa, na farkon kuma ya maƙale a sashen da ke kula da kafofin USB. Sama da shi kaɗan, ga sanarwa cewa an jona wata wayar salula.

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin tebur. Da yake sabar kaɗai ke kan batir, duk sanda aka ɗauke wuta nan ma'aikata ke jona wayoyinsu su yi caji. Kullum ina ganinsu, ban taɓa kawo komai a raina ba. Sauran wayoyin ba su da laifi. Guda ce sabuwa, mai jar riga, wadda tsohuwar kanel ɗinmu ba ta iya zama da ita ba.

Na zare ta, na ce majo ya kashe ya kunna. Aka fitar wa tsoho da sakamakonsa, majo da kansa ya kai shi tasha a kan babur, ya samu motar.

Ina riƙe da wayar sai ga Hajiya.

"Wa ya cire mini waya daga caji?"

Majo ya juya yana kallon bango. Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri ku ga wani abu." Da marasa lafiya suka ragu, na mayar da wayar a gabanta. Ba a jima ba sabar ta sandare.

Ta dubi wayar, ta dube ni. "Ashe ni na so in kore ka kan aikin wayata." Can kuma ta ce, "To yanzu ina za mu yi caji?"

Na sabunta kanel, na rufe kafofin, na ja musu wurin caji daga batir. Har yau in na'ura ta sandare, abin da nake fara cewa shi ne kowa ya ɗauke hannunsa, a bari in tambaye ta tukuna. Mutumin Yamai bai taɓa zuwa ba. Ni kuwa na daɗe a asibitin nan, kuma duk sanda aka ɗauke wuta, Hajiya kan leƙo da jar wayarta ta ce, "Ɗana, nan ɗin ya halatta?"