Kazar da Kumai Ya Zura a Rami

A unguwarmu a Kafanchan, idan bayan gida ya toshe Kumai ake kira, kuma in ya juya baya a bi shi da dariya. Gajere ne, kullum da doguwar waya naɗe a kafaɗa da tsohon kwando a bayan babur. Abin dariyar shi ne ba ya kusantar ramin sokawe, inda ƙazantar gida take taruwa, sai an ba shi kaza mai rai. Ni ma na yi masa ba'a. Har a zumuntar mata na ce falamban da ke tsoron kashi ai gara ya koma noman citta.

Saura kwana biyu dangin saurayin 'yata Peculiar su zo gaisuwa daga Kauru, bayan gidanmu ya ƙi tafiya. A zuba ruwa, ya taso har baki ya tsaya yana kallon mutum. Kwatar kicin ma ta fara mayar da ruwa. Na zuba ruwan zafi da omo, na zuba gishiri, har kananzir na zuba kamar yadda maƙwabciya ta ce, duk a banza. Na kira Kumai, ya ce sai ƙarfe biyu.

Mijina Bartholomew tsohon malamin makaranta ne, ba ya son jira, kuma a ganinsa babu abin da bai iya ba. Ya ɗage murfin sokawe, ya aro tsani, ya ce bakin bututun ne ya cushe daga ciki, zai sauka ya zungure shi da gora. Ni kuma, Allah ya gafarta mini, ni na riƙe masa tsanin. Kunyar surukai kaɗai nake gani.

Ya taka mataki biyu, kansa bai shige ba tukuna, sai ga Kumai. Ko kafe babur ɗin bai yi ba, ya sake shi ya faɗi.

"Oga, fito! Don Yesu fito!"

"Kai, minti biyu ne kawai," in ji Bartholomew.

Kumai ya cafki wuyan rigarsa ya fizgo shi waje, har maɓallai suka tsinke. Mijina ya zube ƙasa yana faɗa, ni ma na taya shi. Kumai ya juyo wurina.

"Madam, kawo kaza."

Guda ɗaya ce a gidan, wadda na yi wata uku ina kiwo saboda baƙin. Na miƙa masa ina gunaguni. Ya sa ta a kwando, ya ɗaura igiya, ya zura ta a hankali zuwa daidai inda kan mijina zai kai in ya sunkuya. Muka ji kukanta, muka ji tana buga fukafukai. Sai shiru. Ban taɓa jin shirun da ya tsorata ni irin wannan ba. Da ya janyo kwandon, wuyanta na reto, baki a buɗe.

Na zauna a ƙasa. Bartholomew, mutumin da ba ya rasa ta cewa, ya kafa wa kazar ido.

"Yayana Yafet ne ya koya mani wannan aiki," in ji Kumai. "Ya sauka irin wannan rami, ni na riƙe igiya. Bai yi ihu ba, Madam. Ya zauna kawai kaman ya gaji. Mai gidan ya bi shi, shi ma ya zauna. Iskan ciki ba ya ba mutum lokaci." Shekara goma sha tara ke nan, kuma ya ce har yau in zai ɗaga murfi sai gabansa ya faɗi.

Ya mayar da murfin da kansa. Ashe ramin ma ba shi da laifi. Ya zagaya bayan ɗaki, ya buɗe ƙaramin akwatin siminti inda bututai suke haɗuwa, ya tura wayarsa yana murzawa. Abin da ya fito ya ishe ni kunya: totuwar masara har shida, aikin surukina tsoho da ya zo daga ƙauye yana amfani da ita yadda ya saba a gida, sai daskararren man ƙosaina da nake juyewa a kwata ya manne su wuri ɗaya. Ya watsa bokiti biyu, ruwa ya wuce da gudu.

"A ba Baba buta," ya ce. "Mai kuma, a bari ya huce a juye a gwangwani. Ran da ramin ya cika, a kira motan zuƙa. Ko kaza ya fito da rai, kada kowa ya shiga."

Baƙi suka zo ranar Asabar, kifi suka ci, ba wanda ya yi ƙorafi. Bayan addu'a kawun yaron ya miƙe ya ce, "Ina uban yarinya?"

Bartholomew ya ce, "Ga ni."

Na dubi hannuwan nan nawa da suka riƙe tsanin. Na tashi na shige kicin, na rufe ƙofa, na yi kukan da tsoro ya hana ni yi ranar da aka zura kazar a rami.