Halliru, Kunnen Tasha

Halliru dillalin shanu ne a Garwa. Kakansa fatauci ya kawo shi daga Katsina bai koma ba, shi kuwa a nan aka yanke masa cibiya. A kara, kasuwar shanu, da Fulatanci yake ciniki, in ya shiga ofis ya lallaɓa da ɗan Faransancinsa, sai ya dawo gida Hausa ke samun wuri. Shi ya sa labaran Hausa na rabin awa da wata ƙaramar tashar FM ta unguwar Poumpoumré ke yi da hantsi suka shiga ransa. Wata yarinya Nafisatu ce ke karantawa, kuma ba ta cin baki.

Rediyonsa ƴar ƙarama ce, ya ɗaure bayanta da roba, yana rataye ta a kan babur duk ranar da zai fita kasuwannin ƙauye. A shekarar da manyan tashoshi biyu suka kafa dogayen ƙarafunansu a gari, sai ya lura da ya wuce garin Pitowa muryar Nafisatu ke fara shaƙewa, can sai wani ƙato ya danne ta da Faransanci. Ran nan abin ya ishe shi, ya faka babur ya buga waya tashar.

"Ƴata, muryarki ta mutu a gindin tsamiyar da ke bayan gada."

Nafisatu ta yi dariya, ta yi godiya. Mako na zagayowa ya sake kira, sai ta miƙa wa Arlette wayar, injiniyar da ke kula da na'urorin tashar. Ita ba ta yi dariya ba.

"Baba, mu ba mu da mota, ba mu da na'urar awo," ta ce da Hausarta mai gargada. "Duk inda ka ji mun ɗauke, ka kira ni ka faɗi sunan wurin."

Wata bakwai Halliru yana wannan aiki ba ko sisi. Ya tsaya a bakin rafi, ya tsaya a mashigar ƙauye, ya ɗaga rediyo sama, ya juya gabas ya juya yamma. Abokan sana'a har tsiya suke masa, wai shanu sun gudu sun bar shi da akwati. Arlette kuwa tana ta soka ƙusoshi a taswirar da ta manna a bango.

Ana haka manajan tashar ya ce zai soke shirin Hausa, don masu talla duk sun koma manyan tashoshi, suna cewa ba a jin wannan sai a cikin gari. Arlette ta kai masa taswirar. Ta nuna masa dutse guda ne ya tare su, in aka mai da eriya kan tudun da ke arewa da gari, magana ta ƙare. Ya ce izini zai nema, amma wa zai hau da ƙarafan?

Da izini ya fito, Halliru ya zagaya kara da mayanka. Ranar Asabar mahauta da dillalai goma sha tara suka hallara, suka saɓa ƙarafa a kafaɗa, suka haura tudun sawu huɗu kafin rana ta take.

Bayan sati biyu yana tsakar gidan yayarsa Karimatu a garin Gidar, wadda idonta ya daɗe da tafiya. Ya kunna rediyo ba tare da sa rai ba. Sai ga Nafisatu tangararas, kamar tana zaune kan tabarmar.

"Muna gaida Baba Halliru, kunnen wannan tasha, da duk mahautan Garwa."

Karimatu ta laluba ta kama hannunsa. "Kai ne ake faɗa, Halliru?"

Ya damƙe hannunta. Ya bar mata rediyon, ya koma gida ba komai a kan babur.

Har yau manyan tashoshin ne ke da kasuwa, amma shirin Hausa na nan, har an ƙara masa kwatan awa. Halliru ya rage tafiye-tafiye saboda ciwon gwiwa. In aka yaba masa sai ya ce Arlette za a gode wa, ita ce ta ɗauki maganar tsoho da daraja. Duk Kirsimeti yakan zaɓi cinyar bijimi mai kyau ya kai mata da kansa, ita kuma ta tsare shi sai ya sha shayi.