Makau da Yanar da Ba Ta Nuna Ba

Makau baduku ne a Gummi, salkar ruwa da guga yake ɗinkawa. Jarkokin roba sun zo sun kwashe masa kasuwa, amma taurin kai ya hana shi sake sana'a. Bai haihu ba, daga shi sai matarsa Luba.

A 2012 ya fara karo da abin da ke gefensa. Masu duba ido kyauta suka zo gari, suka auna shi da na'ura, suka ce ba shi da hawan jinin ido. Sai Makau ya zama likitan kansa, ya ce to yanar ido ce. Kowa a unguwar ya san ba a taɓa yana sai ta nuna ta yi fari fat, sannan a cire. Haka aka yi wa yayarsa, ta dawo tana zura zare a allura.

Ya zauna jira. Duk Juma'a bayan masallaci Luba takan ja shi cikin rana, ta buɗe idon da yatsu, ta ce har yanzu baƙi ƙirin yake. Shekara huɗu suna haka. Da ta rasu ya rasa wanda zai tambaya, ga idon hagu ya riga ya mutu.

Wani maƙwabci ne ya tafi da shi Sakkwato. Likita ta auna kaurin fatar da ke gaban ƙwayar idon, ta ce tasa ba ta da kauri, ga taushi. In na'ura ta danna sai ta lotsa, awon ya fito ƙasa, alhali ruwa na ciki yana matse jijiya. Hawan jinin idon ne tun farko, ba yana ba. Ganin da ya tafi kuma ba ya dawowa.

Makau ya ce, "Na gane. Salka ta. Wadda hwatatta ba ta da kabri, ko ta cika har wuya, in ka latsa lubus kaka jin ta. Shekara arba'in ina hwaɗa ma mutane hakanga."

Ni da maƙwabcin ya ba labarin, wannan maganar har yau tana cin raina.

An ba shi maganin ɗigawa safe da yamma, don ya riƙe ɗan abin da ya saura a idon dama. Ba mai buɗe masa idon. A zaure yake ɗaga kai ya ɗiga da lalube, rabi ya gangaro kumatu. Masu wucewa sukan ce har yanzu kukan Luba yake yi. Bai taɓa ce musu a'a ba.